Maɓallai Goma Sha Ɗaya Zuwa Asibiti

Talata, 2 ga wata, 7:10 na yamma

Yaya ta iso. Motar gida ta shigo babbar tasha ƙarfe uku da rabi, ina zaune a tagata na hango ta tana saukowa da baya-baya, ta ƙanƙame jaka kamar za a fizge. Ban fita ba. Mutum shida ne a layi, kuma aikina ke nan shekara goma sha biyu, in gaya wa baƙi motar da za su hau da inda za su sauka. Na bar ta a rana tana waige-waige har na sallami na shidan, sannan na ƙara sallamar wasu biyu da suka zo daga baya.

Da na je sai ta kama hannuna. "Auta, kin gan shi? Yana magana?" Ko gaisuwa babu. Na ce ban samu zuwa ba tukuna. Yau kwana uku da aka kwashi Dogo daga wurin ginin da suke yi aka kai shi babban asibiti. Shi ke nan ɗanta, ba wa ba ƙane.

Awa tara a mota, ita kaɗai, da ciwon gwiwa. Ashe Yaya ta san hanyar birni. Ashe ana iyawa.

Laraba, 3 ga wata, 6:20 na safe

Maigida ya ce in ɗauki hutu in riƙa kai ta. Na ce in na ɗauki hutu wa zai zauna a taga, shi? Ya san ba taga ba ce. Ya san ba na taka asibitin nan, ko ta bakin ƙofarsa ba na bi.

Yau ba ya aiki, shi zai kai ta.

Laraba, 8:00 na yamma

Ta gan shi. Yana magana, yana ma dariya, ƙafafun ne ba sa jin kira. Awa ɗaya ake bari a rana, huɗu zuwa biyar, in biyar ta buga nas ta kore kowa.

Na zaunar da ita na karanta mata hanya sau ɗaya, yadda nake yi wa kowa. A bakin titinmu za ta hau mota mai lamba sha huɗu, ta sauka a tsayawa ta goma sha ɗaya, asibiti na tsallaken titi. Ta ce, "Auta, kin manta ban san lamba ba?" Ban manta ba. Na ce mai koren layi a jiki, ko launi ma ba a koya miki ba? Maigida ya ajiye cokali ya fita.

Na saka mata lambata a ƙaramar wayarta, na nuna mata wurin da za ta danna. Iyakar abin da ta iya da waya ke nan.

Alhamis, 4 ga wata, 7:30 na yamma

Ta tafi ita kaɗai, ta dawo shida da rabi idanu jajir. Ta hau mota mai shuɗin layi, don a rana wai kore ta gani. Da ta tambayi wani mutum, sai ya kwaikwayi maganarta, rabin motar suka yi dariya. Ta isa asibiti biyar saura minti goma.

Na ce maganinki ke nan. Nan ba gida ba ne da za ki tare kowa kina "bawan Allah". Kina buɗe baki sun san baƙuwa ce, su yi miki dariya ko su raka ki inda ba ki nufa ba. Ki kama bakinki, ki ƙirga tsayawarki. Ta ce to.

Ni da nake cin abinci da tambayar mutane. A jikin tagata ma an rubuta matambayi ba ya ɓata.

Asabar, 6 ga wata, 1:15 na rana

Yaya ta samo dabara. Tela ce, ko ina ta je da gwangwanin allura da zare. Ta zaɓo maɓallai goma sha ɗaya ta dunƙule a hannun hagu. Duk sanda mota ta tsaya ƙofa ta yi tsaki ta buɗe, sai ta mayar da ɗaya hannun dama. In hagu ya ƙare sai ta tashi.

Ba ta kallon waje, wai jiri take ji in gine-gine suna gudu. Daga maɓalli na huɗu ma rufe ido take yi gaba ɗaya, don daga nan ake hawa doguwar gada, kuma ta rantse in ta ga ruwa a ƙarƙashinta zuciyarta za ta tsaya. Ba ta buɗewa sai hannu ya zama wayam.

Na ba Rediyo labari a wurin aiki, mai sayar da tikiti a tagar kusa da tawa. Mun yi dariya har ta ƙware. Daga baya ta ce, "Amma dai kina raka ta wani lokacin ko?" Na ce layi ya taru a gabanki.

Lahadi, 7 ga wata, 5:40 na yamma

Ta share min ɗaki, ta wanke labule, ta ɗinke aljihun rigar Maigida. Ban sa ta ba, ban gode ba.

Talata, 9 ga wata, 7:00 na yamma

Dogo ya aiko ta da saƙo. "Wai in gaya wa Innarsa yana sane da fankar falo, in ya fito zai gyara. Wai kuma ko fushi kike yi da shi?"

Ba na fushi da shi. Shekara biyu yana birnin nan, duk ƙarshen mako sai ya zo ya cinye min abin da ke tukunya ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ina son yaron, wannan ba ƙarya ba ne. Amma a hawa na biyu yake, kuma matakalar da ke zuwa hawa na biyu ita ce ke wucewa na uku.

Na ce ta ce masa aiki ne ya yi yawa.

Laraba, 10 ga wata, 12:50 na rana

Kwana goma sha tara na yi a hawa na uku, ɓangaren masu haihuwa. Bana shekara tara. Na aika sau uku. Amsa ɗaya ce duk sau ukun: Yaya ta ce a ba ki haƙuri, ba ta san hanya ba, birni ya fi ƙarfinta. Matar gadon kusa da ni, 'yan'uwanta har kan tabarma suke kwana. Ni nas ce ta taya ni ninke 'yan kayan jaririn da ba a saka wa kowa ba, ta sa a jaka.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Juma'a, 12 ga wata, 7:20 na yamma

Kwana takwas a jere ba ta yi kuskure ba. Yanzu har takalmi take gogewa kafin ta fita. Direban motar uku da kwata ya gane ta, in ya hango ta tana ɗingishi yana ɗan jira.

Na tambaye ta ko gwiwar ta warke ne. Ta ce a'a, mantawa take yi da ita.

Lahadi, 14 ga wata, 6:45 na yamma

Likita ya ce za a yi aiki ranar Alhamis. Wani abu yana danne wani abu a bayan wuyansa, haka Yaya ta kawo bayanin, ban kuma nemi ƙari ba. An sa ta dangwala yatsa a takarda. An gaya mata gaskiya, ana iya tashi, ana iya ƙin tashi. Za a bar ta ta gan shi da safe, tara zuwa goma, goma na bugawa za a shiga da shi.

Tana gaya min tana tsintar shinkafa. Na kusa tashi in zauna kusa da ita. Wallahi na kusa.

Sai ta share ido ta yi 'yar dariya ta ce, "Kin san wani abu, Auta? Ashe birnin nan ba wuya. Maɓalli goma sha ɗaya ne kawai. Da na san haka yake, ai da tuni na zo miki wancan karon."

Wancan karon. Haka ta kira shi, kamar bikin da ya wuce ta.

Na ce shinkafar ta isa haka, ki ɗora.

Litinin, 15 ga wata, 1:05 na rana

Manaja ya kira mu da safe. Za a rufe doguwar gada don gyara daga safiyar Alhamis. Sha huɗu za ta bar hanyarta daga tsayawa ta huɗu, ta zaga ta unguwar masana'antu, ta dawo asibiti ta baya. Tsayawa goma sha tara maimakon goma sha ɗaya.

Injin buga takarda ya lalace tun watan jiya, don haka ni aka ba farin kwali da alƙalami mai kauri, wai rubutuna ya fi na kowa kyau. Manaja ya ce in yi zane a ƙasa saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Na zana gada na soke ta da ja, na zana mota da koren layi, na ja kibiya ta zagaye. Ya yi kyau ƙwarai. Rediyo ta riƙe min kujera na manna shi a bangon babbar tasha, kusa da inda motocin nesa ke lodi.

A ƙananan tsayawa ba a manna komai ba, kwali ɗaya aka ba mu. An ce direbobi su riƙa faɗa da baki.

Litinin, 7:50 na yamma

Zan gaya mata. Ba yau ba, ta gaji.

Talata, 16 ga wata, 7:30 na yamma

Akwai sauran lokaci.

Laraba, 17 ga wata, 8:15 na yamma

Maigida ya ce zai roƙi a canja masa aikin safe gobe ya kai ta. Ba ya hawa sha huɗu, keke yake tuƙawa zuwa ma'aikatarsu ta ɗaya gefen, bai san komai game da gada ba. Na ce kar ka ɓata da shugabanka a banza, ai yanzu ta fi ni sanin hanya. Yaya ta ce, "Ƙwarai kuwa, ka yi zamanka, ɗan'uwana. Ido rufe nake zuwa."

Ta goge rigar da za ta saka. Ta ƙirga maɓallanta sau biyu a kan tebur, ta ɗaure su a hankici. Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. Magana ɗaya ce, ko numfashi biyu ba za ta ci ba.

Ba na son wani abu ya sami Dogo. In rubuta wannan a sarari. So nake ta tsaya a titin da ba ta sani ba, ta juya gabas ta juya yamma, ta ji yadda ake ji in ana jiran mutum bai zo ba. Rabin awa kawai. Za ta tambaya, za a nuna mata, za ta isa da saura. Direban ma zai faɗa.

Alhamis, 18 ga wata, 12:40 na rana

Ta fita takwas saura kwata. Tare muka fito, na hau tawa ta tsaya jiran tata.

Wayata ta fara ruri tara saura minti biyar. An hana ɗaga waya a taga, doka ce, a rubuce take. Tana cikin aljihun tebur tana ta kaɗa shi. Wani dattijo yana tambayata hanyar ofishin fansho, na yi masa bayani dalla-dalla, har na zana masa a bayan tikiti. Ya yi ta sa min albarka.

Rediyo ta leƙo. "Wayarki ce fa." Na ce na ji. Ta ce, "Ba yau ne aikin yaron ba? Kin dai gaya wa yayarki zancen gada?" Na ce na gaya mata.

Kira bakwai. Na ƙarshe goma saura minti goma sha biyu.

Alhamis, 7:40 na yamma

Direban safe daban ne, bai san ta ba. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ita tana can baya ido rufe tana ƙirga. Hannu ya ƙare ta sauka. Ta buɗe ido ta ga dogon bango da manyan motocin kaya, ba asibiti ba alamarsa. Ta ce ta tsaya ta yi ta danna inda na nuna mata. Mutane suna wucewa, ta kasa tare kowa. Sai ta kama tafiya da ƙafa ta inda take zaton baya ne. Wata mai sayar da ruwa ce ta gan ta zaune a bakin kwalbati tana kuka, ta sa ta a mota.

Sha biyu saura ta isa. Nas ta ce ya roƙa a ƙara masa minti biyar, aka ƙara, ya sake roƙo aka ce likita na jira. Ta ce har aka tura gadon wuyansa ba ya juyawa, amma idonsa na kan ƙofa.

An fito da shi ƙarfe huɗu. Bai farka ba tukuna. An ce wani lokacin ana daɗewa.

Ta tambaye ni me ya sa ban ɗaga ba. Na ce an hana.

Juma'a, 19 ga wata, 6:30 na yamma

Bai farka ba. Maigida ne ya kai ta a tasi. Bai yi min magana ba tun jiya, amma shi zancen waya kawai ya sani.

Asabar, 20 ga wata, 3:10 na rana

Sha ɗaya da kwata na safe ya cika.

Litinin, 22 ga wata, 5:50 na yamma

An kai shi makwancinsa jiya. Abokan aikinsa sun zo da yawa, dukansu da ƙurar siminti a takalma. Maƙwabta sun cika falo, ana ta fifita da kwali don fanka ba ta aiki. Ni na dafa, ni na raba, ni na karɓi gaisuwa. Kowa na cewa Allah ya saka miki, kin riƙe 'yar'uwarki, zumunta a ƙafa take.

Yaya ba ta kuka. Zaune take a kan tabarma da hankicinta, tana mayar da maɓallai daga hannu zuwa hannu. Da mutane suka ragu ta kira ni. "Auta, zo ki ƙirga min. Goma sha ɗaya ne ko?" Na ƙirga, goma sha ɗaya ne. Ta ce, "To a ina na ɓata? Kwana goma sha uku ban ɓata ba. Ko biyu na haɗa na mayar a tare?"

Na ce wataƙila gyangyaɗi ya ɗauke ki, ba ki yi barci sosai ba ranar.

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "Haka ne. Ni ce. Yana can yana duban ƙofa, uwarsa na barci a mota."

Na tashi na je wanke kofuna.

Talata, 23 ga wata, 1:00 na rana

Na koma aiki. Rediyo ta yi min gaisuwa ta koma tagarta. Yau ko labari ɗaya ba ta ba ni ba.

Laraba, 24 ga wata, 6:10 na yamma

Ba ta ci komai ba sai shayi. Ta ce gobe za ta koma gida. Na ce ta ƙara kwana biyu, ta ce me za ta zauna yi. Gaskiyarta.

An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ba a faɗi wa take ƙonawa ba. Ina jira in ji sanyin da na yi shekara tara ina jira, ban ji komai ba sai ciwon kai.

Alhamis, 25 ga wata, 11:30 na safe

Ni na raka ta. Karo na farko da muka hau mota tare tun ranar da ta iso. Na ɗaukar mata jaka, ta bari.

Mun shiga babbar tasha bakwai da rabi. Na manta da kwalin. Wallahi na manta, kullum ina wuce shi har na daina ganinsa. Ina gaba, sai na ji ba ta bayana. Na juya na same ta tsaye a gabansa, ta ɗaga kai.

Ta daɗe. Ta sa yatsa a kan motar mai koren layi, ta bi kibiyar a hankali, ta zagaye gadar da aka soke, har inda ta ƙare. Na zana shi yadda kowa zai gane, kuma ta gane.

Ta ce, "An rufe gada." Na ce e. "Tun yaushe?" Na ce tun ranar Alhamis.

"Ashe ban yi barci ba."

Na buɗe baki zan ce ni ma daga baya na ji. Ba ta ko dube ni ba, ta mayar da yatsa kan rubutun sama. Ta ce, "Ban iya karatu ba, Auta, amma ni nake ɗinke miki littattafan makaranta in sun yage. Shekara nawa ina kallon hannun nan. Har yanzu kina karkatar da shi kamar zai faɗi." Ta sauke hannu. "Yaushe kika rubuta?"

Motoci na ta hon, masu lodi na ta kiran garuruwa. Da na ce Alhamis da safe, ba ta da yadda za ta sani.

Na ce Litinin.

Ta gyaɗa kai, leɓɓanta na motsi, tana ƙirga kwanakin. Na jira ta zage ni, ko ta mare ni a gaban Rediyo da Manaja da kowa. Na so ta yi. Na ce, "Yaya, wancan karon da na aika miki..." Ta ce, "Ba ni jakata."

Na ba ta. Na ce motar gida tana layi na uku, bari in kai ki. Kamar ba da ita nake ba. Wani tsoho mai shara yana tura kwandonsa kusa da mu, ta tare shi ta ce, "Bawan Allah, don Allah ina motar da ke zuwa garinmu? Baƙuwa ce ni, ba ni da kowa a nan."

Ya jingine tsintsiyarsa, ya karɓi jakar ya wuce gaba, ta bi shi tana ɗingishi.